Awa Ashirin da Bai Buga Ba

"Ba nan ba ne," in ji Zulaikha. "Sau uku ke nan kana danna wurin."

"Na sani. Hannuna ne ya manta."

"Hannunka ya manta."

A hankali ta maimaita, tana ci gaba da tsintar waken da ke kan farantin cinyarta. Mijinta Jalaluddeen yana zaune a kan darduma gaban talabijin, fad ɗin wasa, abin dannawar nan, a hannunsa, gumi yana bin wuyansa duk da fankar da ke juyawa. A cikin talabijin ɗin ga wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe tsaye a gareji, tsawonsa ya kai bene hawa biyar, injinsa a kashe. An fi minti goma Jalal yana son ya sa shi ya ɗaga ƙafa, ya kasa.

"Yaya Jalal," ta ce, don tun tana ƙarama haka take kiransa, aure bai canza ba, "wanda ya yi awa ashirin yana tuƙa abu ba ya manta inda ake kunna shi. Hajja Kaka ta haura tamanin, ba ta taɓa ɓatan makunnin rediyonta ba."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba.

Ta ajiye farantin. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Wasan nan, ka buga shi a Kano, ko ba ka buga ba?"

A waje wani mai babur ya wuce yana danna oda. Jalal ya dubi fad ɗin kamar amsar tana jikinsa. Shekara ɗaya da rabi yana ɗauke da wannan amsa, ya ɗauka ta yi nauyin da ba za ta fito ba, sai ga shi ta fito da sauƙi.

"Ban buga ba."

Sunan wasan na ainihi dogo ne, na Turanci, ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa a kansa. Ƙattin Ƙarfe suke ce masa. Na farkonsa ya shigo Babura shekara goma sha biyu da suka wuce, cikin buhun tsofaffin faya-fayai da wani ɗan kasuwa ya kwaso daga Magariya. A gidan gem na bakin tasha kowa ƙwallo yake bugawa, ko dambe. An gwada wannan sau ɗaya aka wurgar, saboda kafin a bar ka ka yi harbi ko ɗaya sai ka haɗa ƙatonka da kanka: ƙafafu, hannaye, inji, bindigogi. In ka loda masa kaya fiye da ƙarfin ƙafarsa, tsayawa zai yi yana huci har a kashe shi. Ba wanda ya shigo gidan gem don ya yi lissafin nauyi.

Mutum biyu ne suka ɗauke shi daga inda aka yar. Ɗaya Abatcha, yayan Zulaikha, wanda a lokacin yake koyon gyaran babur. Ɗayan Jalal, ɗan wani malamin makaranta da aka yi wa canjin aiki daga Kazaure zuwa Babura.

Wasan mutum ɗaya ne, amma su biyu suka raba shi. Abatcha ba ya son yaƙin, da an fara harbi yatsunsa ke rikicewa. Jalal kuma ba shi da haƙurin gareji. Sai ya zama Jalal yana karanta Turancin da ke allo, Abatcha yana yanke hukunci.

"Ƙafar nan nauyi nawa take ɗauka? Karanta min na ƙasa. A'a, ƙaramin rubutun."

Sai Jalal ya karanta, ya fassara. Abatcha ya taɓa leɓe da yatsa mai baƙin mai, ya cire wannan, ya ɗaura wancan. In ya gama sai ya miƙa fad ɗin da hannu biyu, yadda yake miƙa wa mai babur mukullinsa, ya ce, "Kada ka matsa masa a hawa, injinsa bai son wuta da yawa." Daga nan aka sa musu suna Injiniya da Direba. A duk shekarun nan Jalal bai taɓa musa haɗin Abatcha ba, Abatcha kuma bai taɓa cewa a kira wani ya sake duba Turancin ba. Abin da Direba ya ce an rubuta, shi aka rubuta.

Da mai gidan gem ya gaji da tsohuwar na'urar, sai ta koma zauren Hajja Kaka, kakar su Abatcha, wadda ta rene su. A nan Zulaikha take kawo musu zoɓo a kwanon sha, ta tsaya daga bakin ƙofa wai tana jiran kwanon. Zoɓon yakan ƙare tun da wuri, ita ba ta tafiya. Jalal ya daɗe bai gane cewa rabin bajintar da yake yi a filin yaƙi saboda inuwar da ke bakin ƙofar nan ba ce. Ranar da ya gane, an kashe ƙatonsa sau huɗu a jere, Abatcha yana ta faɗa yana cewa an ɓata masa aiki.

Shekara huɗu da suka wuce aka sanar za a yi na biyu. Lokacin Jalal ya koma Kazaure yana koyarwa, Abatcha ya buɗe garejinsa a Babura, yana gyaran babura da injinan ban-ruwa. Jalal ne ya fara ganin labarin, ya kira Abatcha nan take. Ya buɗe guruf a waya, suka laluɓo duk wanda ya taɓa son wasan a ƙasar nan, aka samu mutum goma sha bakwai: na Kazaure, na Babura, wani ma'aikacin asibiti a Gwiwa, da wani tela a Roni mai suna Mamuda wanda ba ya rabo da gardama. Su ke nan. A duniya ma, Jalal ya karanta, masu son wasan ba su da yawa, sai dai ba sa mantawa.

Kamfanin ya saki ɗan bidiyon talla na minti ɗaya da rabi. Sauran 'yan guruf wuta da fashe-fashe suke kallo. Abatcha tsayar da bidiyon yake yi daidai inda ƙaton ya durƙusa, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya ƙura wa gwiwar ido.

"Direba, ka ga wannan? Shoka biyu ce, ɗaya a cikin ɗaya. Mutanen nan sun taɓa riƙe sifana."

A makon ya fara haɗa nasa na gaske a bayan gidan Hajja Kaka. Duk abin da ya mutu a gareji ba ya yarwa. Tankin babur biyu ya haɗa da walda suka zama ƙirji. Salansa ta zama bindigar kafaɗa. Yatsu na sarƙar babur ne, suna lanƙwashewa in an ja waya daga baya. Kai kuwa fitilar wani tsohon babur ne, ya sa mata batir tana kamawa. Hajja Kaka ta ce ba za ta yi alwala wannan abu yana kallonta ba, sai da aka rufa masa buhu a ka. Sau biyu kamfanin yana ɗaga ranar fitowar wasan, guruf ya cika da ƙorafi, shi kuwa Abatcha cewa yake, "Madalla, sun ba ni lokaci in gama kafaɗa." Da ya gama, ƙaton ya fi Jalal tsawo da kamu uku.

An riga an tsara komai. Muhammadu Lawal, mai gidan gem a Kazaure, shi kaɗai ke da sabuwar na'urar da wasan zai hau. Ya ce shi ba ya sayen faifan da mutum goma sha bakwai kawai za su taɓa, amma in Malam Jalal ya gwada ya ce ya yi, zai sa a kawo. Ranar da ya iso za a ɗauko ƙaton Abatcha a a-kori-kura, a tsayar da shi a ƙofar shagon, a kunna masa fitila.

Wasan ya fito Jalal yana Kano, ana yi musu kwas na mako biyu. Guruf ya ɗauki murna: Direba yana birni, shi zai fara ɗanɗano. Ya shiga gidajen gem huɗu a kwana biyu. Uku ba su taɓa jin sunan ba, na huɗun ya yi masa dariya ya ce ko yana son ƙwallo. Wayarsa kuwa ba ta huta ba. Ka samu? Yaya ƙafar? Ana tashi sama? A rana ta uku Abatcha ya turo hoton ƙaton, an wanke shi, an shafa masa mai, an cire buhun kansa, ya rubuta a ƙasa: muna jiranka.

Sai Jalal ya rubuta, "Na samu."

Ya gaya wa kansa gobe zai samu ɗin, maganar ta zama gaskiya. Goben bai samu ba. Abin da ya samu sharhin Turawa ne, guda goma sha ɗaya, ya karanta su duka a bayan aji lokacin hutun rana. Yawancinsu maki biyar ko shida suka ba wasan cikin goma. Sun ce yana da nauyi, yana da jinkiri, an yi shi kamar shekara goma ba ta wuce ba. Biyu ne suka yaba, su ma a gajarce, Jalal ya wuce su. Mutum tara da suka yi karatu, aikinsu ke nan, ai ba za su haɗu a kan kuskure ba. In ya faɗi abin da suka faɗa, gaskiya ya faɗa, sai dai bakin da ta fito ne ya bambanta. Haka ya lallashi kansa.

Kuma rubutun ya yi kyau, wannan ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Jalal mutum ne mai son kalma, ya zauna ya zuba duk abin da ya iya. "Na yi awa ashirin a cikinsa, 'yan'uwa," ya rubuta, "kuma ina rubuta muku wannan zuciyata a karye. Tuƙa ƙaton nan kamar jan amalanke ne a cikin laka. Za ka fi daɗewa a gareji fiye da filin yaƙi. Injin yana ɗaukar zafi ba wata alama a allo, sai dai ka ga ya tsaya cak ana dukanka. Abin da muka jira bai zo ba. Ku riƙe na farkonku, ku riƙe ƙuruciyarku."

Rubutun ya fita daga guruf, ya zaga shafukan da bai sani ba. Mutanen da ba su taɓa jin wasan ba suka riƙa cewa wannan malami ya iya Hausa. Muhammadu Lawal ya yi godiya ya ce an hutar da shi. Daga Abatcha saƙon murya ɗaya ya zo, na daƙiƙa bakwai: "To. Na gode, Direba. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Da Jalal ya je Babura bayan wata guda, maganar sa ranar aurensa da Zulaikha ta kai shi, bayan gidan Hajja Kaka babu ƙaton, sai igiyar shanya. Bai tambaya ba. Ba a gaya masa ba. Guruf ɗin ya yi ta yin sanyi har ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a.

Yau da safe ne Muhammadu Lawal ya tare shi a hanya. Wani ya kawo masa musayar faya-fayai, wannan ya biyo ciki. "Ga abin nan naka da ka zaga," ya ce. "Ba mai taɓa shi. Tafi da na'ura ɗaya ka sake zaginsa a gida, ka dawo min da ita jibi." Jalal ya karɓa don Zulaikha ta ce za ta gidan suna, zai samu wuni shi kaɗai. Sai aka ɗaga sunan zuwa la'asar, ta zauna tsintar wake, ta ga komai.

Yanzu Zulaikha ta dube shi. Da ta yi magana, ba faɗa a muryarta, shi ya sa ta fi zafi.

"Ka san wa ya karanta wa Yaya Abatcha rubutun nan naka?"

Jalal ya ɗago.

"Ni. Yana ƙarƙashin injin wani Bafulatani, hannunsa duk mai, ya ce Zulai zo ki karanta min, Direba ya yi rubutu. Na zauna a kan benci na karanta masa tun daga farko. Har gyara murya nake yi. Ina jin daɗi, wai wanda zan aura ne ya rubuta wannan. Da na zo wurin 'ku riƙe ƙuruciyarku' har sai da na yi hawaye." Ta share hanci da bakin mayafi. "Da bakina, Yaya Jalal."

"Zulai."

"Bari in gama. Shi dai ya ƙarasa injin mutumin. Washegari 'yan gwangwan suka zo da guduma, ya ce kada wanda ya taɓa. Shi ya kwance shi da kansa, noti ɗaya bayan ɗaya, wuni guda. Yana jera su a ƙasa kamar zai sake haɗawa. Sai da ya gama ya ce su kwasa. Hajja Kaka da ta yi shekara biyu tana tsine wa abin, ita ce ta fito ta ce, kai Abatcha, mutumin nawa fa? Ta hana su tanki ɗaya. Yana nan. An yanka shi biyu, kajinta ke shan ruwa a ciki."

Jalal ya san tankin. Ya sha tsallake shi in ya je gaishe da tsohuwar. Bai taɓa duba shi da kyau ba.

Ya juya ga talabijin don ba zai iya kallonta ba. Ya shiga jerin bayanin wasan, ya karanta a hankali yadda ya kamata ya yi tun farko. Ashe ba danna madanni ɗaya ake yi ba. Sai ka buɗe mai, ka jira famfo ya cika, sannan ka riƙe biyu tare. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Ƙarar ta cika ɗakin, mai kauri, irin ta injin niƙa da sassafe.

Ƙaton ya ɗaga ƙafa. Ya sauke ta, fad ɗin ya girgiza a hannun Jalal, ƙura ta tashi daga rufin garejin. A gwiwar, shoka biyu suka shige cikin juna, ɗaya a cikin ɗaya.

Ya fita filin yaƙi da ƙaton da wasan ke bai wa kowa a farko. Yana da nauyi, gaskiya ne. Yana da jinkiri. A hawan wani tudu ya matsa masa wuta, sai ƙarar injin ta canza, ta yi siriri, da wata 'yar kaɗawa a ƙarƙashinta. Jalal bai kula ba. Ƙaton ya tsaya cak, aka yi masa ruwan harsashi.

"Ya yi maka kuka kafin ya tsaya," in ji Zulaikha daga bayansa. "Ba ka ji ba?"

Ya sake. A wannan karon ya saurara. Ga ta nan, 'yar kaɗawar, daƙiƙa uku kafin injin ya mutu. Babu alama a allo saboda alamar a kunne take. Ya tuna Abatcha yana tsaye a ƙofar gareji, babur yana tahowa daga nesa, yana cewa wancan bawul ɗinsa ne, tun kafin mai shi ya tsaya. Abin da Turawa tara suka kira aibi, abin da shi ya kwafa ya yi wa ado da Hausa mai daɗi, an yi shi ne daidai kunnen mutum ɗaya da ya sani.

An kashe shi sau biyar. Ya koma garejin wasan, ya ga jerin ƙafafu sun fi arba'in, injuna kala-kala, har da wurin zaɓen kaurin bututun ruwan sanyaya inji. Ya iya karanta kowace kalma. Bai san wadda zai ɗauka ba. Ya ji hannunsa yana son miƙa fad ɗin gefen dama, inda ba kowa.

Ya ajiye shi a kan darduma.

"Akwai wata hanya," ya ce, bai juyo ba. "Kamfanonin nan suna turo gyara ta intanet bayan wasa ya fito. Kowa ya san haka. Zan iya ce masa sun gyara shi. In ce wanda na buga a Kano daban ne, wannan sabo ne. Zai samu wasansa. Ba wanda zai ji ciwo."

"Sun gyara shi ɗin?"

"Ban sani ba."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. "Ni ba zan kai masa maganar ba, ba tawa ba ce. Amma yayana ne. In ya tambaye ni, ba zan sake karanta masa abin da ba haka ba."

Jalal ya ɗauki waya ya kira kafin ƙarfin halinsa ya gudu. Ta yi ƙara sau huɗu. Da aka ɗauka, ana jin bugun guduma da kukan akuya.

"Direba. Angon da ya manta hanyar Babura. Ƙanwata ta hana ka fita ne, ko mai ne ya yi tsada?"

"Injiniya, ya aiki?"

"Aiki sai godiya. Injinan 'yan fadama sun taso min gaba ɗaya. Ya Zulai? Ka ce mata Hajja Kaka tana cigiyar kwanonta."

"Za ta ji. Dama maganar Ƙattin Ƙarfe ce. Na biyun."

Abatcha ya yi dariya. "Kai ma Mamuda ya dame ka? Rabu da telan nan. Watan jiya ya zo nan da kekensa na ɗinki a gyara masa, yana ta cika min kunne, wai ya buga a wurin wani ƙaninsa a Katsina, wai ba a taɓa yin wasa kamarsa ba, wai an yi shi don ni. Na ce Mamuda, awa nawa ka yi? Ya ce uku. Na ce Direba ya yi ashirin. Ya ce to Direba bai iya ba ne, ko kuma bai buga ba. Ka ji fa. A garejina."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya ɗauki kekensa ya kai wa wani. Na ce mutumin nan shekara goma sha biyu yana karanta min abin da idona bai iya gani, bai taɓa ƙara min wasali ɗaya ba. Tun ranar ba mu gaisa ba. Ya fita daga guruf ma, ba ka lura ba?"

Bai lura ba. Jalal ya rufe ido. Zulaikha ta daina tsintar, muryar wayar a buɗe take, ta ji komai.

"Ka san kamfanonin nan," ya fara, "wani lokaci sukan turo..."

Ya tsaya. Maganar tana nan a shirye, santsi gare ta, irin wadda ya iya. Ya san in ya ƙarasa ta Abatcha zai ce to, kamar yadda ya saba cewa to, ba zai kira kowa ya duba ba.

"Sukan turo me? Direba, kana ji na? Sabis ɗin nan."

"Ina ji. Ba komai. Gobe kana gareji?"

"Ina zan je? Lafiya dai?"

"Lafiya. Sai na zo."

Ya kashe wayar. A talabijin ƙaton yana tsaye a garejinsa, injin yana aiki a hankali, yana jiran wanda zai haɗa shi. Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar.

"Zai iya cewa in ɗauki kayana in kai wa wani," in ji Jalal.

"Zai iya."

"Ƙaton kuma ba zai dawo ba. Shekara biyu ya yi a kansa."

"Ba zai dawo ba," ta ce. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta tsaya kusa da shi, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma matsa ba. Kamar dai bakin ƙofar zauren nan.

Jalal ya kashe na'urar, ya zare wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a hannu.

"Miƙo min kwalin, Zulai. Gobe da motar farko za ni Babura da ita. Ba zan kunna masa ba sai na gaya masa da bakina cewa ban taɓa buga shi ba, ko minti ɗaya. In ya bar ni na zauna, in karanta masa ƙafafun nan. In ya kore ni, in bar masa ita a kan benci, ni zan san abin da zan gaya wa Muhammadu Lawal. Daga can Roni za ni, wurin Mamuda."